Tsinke Bakwai a Rufin Rami

Na yi shekara shida ina bin ramukan yaƙi tare da wasu tsofaffin Turawa, a Manchester da Birmingham. Mun shiga da yawa. Ɗaya kaɗai muka ceto, shi ma saura ƙiris in kashe shi da bakina.

Ban yi boko ba. Ɗan karatun da na iya a coci na tsince shi, ina da gemuna, ina bin littafin waƙoƙi da yatsa. Abin da na sani shi ne ƙasa. Ina da shekara goma sha huɗu na fara haƙar kuza a wajen Bukuru, irin haƙar da muke kira loto. Za a nutsa kamar rijiya, in an taras da kuza a bi ta a kwance, mutum yana rarrafe da gajeriyar diga. Sau ɗaya ƙasa ta rufta da mu. Mu huɗu ne a ciki. Na kwana biyu, aka jawo ni ta ƙafa. Sauran ukun gawarsu aka jawo. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta fara zuwa Ingila, daga baya ta ɗauko ni da yara, muka zauna a Moss Side, wata unguwa a Manchester. Na samu aikin yankan ciyawa da kwashe ganye a filayen shaƙatawa na gari, na yi shekaru ina yi ba wanda ya taɓa kuka da ni. Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Ana rufe ɗakunan karatu, ana rufe wuraren wasan yara, ana rage ma'aikata ko'ina. Aka rage mu, ina cikin waɗanda aka sallama. Na zauna a gida ina kallon taga har matata ta ce in ban nemi abin yi ba shiruna zai kashe ta kafin hawan jini.

Sai na riƙa fita da safe kamar mai zuwa aiki. Ƙafata ta saba da wani fili a wajen Withington, can nake zuwa in zauna a benci in kalli ciyawar da ba a yanka ba. Wata safiya na ga mutum uku da taswira da rodi suna sossoka ƙasa. Dogon tsoho mai surutu, wani ƙato mai tumbi, da wata gajeriyar tsohuwa mai sanda da filas na shayi. Na yi awa guda ina kallonsu. Na san abin da suke nema, domin na sha bi ta kansa da injin yankan ciyawa ina jin sautin yana canzawa, kuma da rani ciyawar wurin ce take fara bushewa, murabba'i sak. Su kuwa sun yi nisa da shi wajen taku ashirin.

Na tashi na je na buga diddigena a wurin na ce, “Nan.”

Dogon ya zo ya soka rodi. Rodi ya ce ƙwal.

Tsohuwar ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Yaya aka yi ka sani, bab?”

Ni Baba na ji. Matar nan ta girme ni da shekara ashirin ko fiye, ga ta tana ce mini Baba a gaban mutane. Na cire hula na rusuna na ce mata ita ce Mama, ni ɗa ne. Ba ta gane ba, ta zuba mini shayi. Sai bayan wata biyu dogon ya gaya mini cewa ita 'yar Birmingham ce, kuma can haka tsofaffi suke kiran kowa, daga jariri har direban bas. Ban daina ce mata Mama ba, ita ma ba ta daina nata ba.

Dogon tsohon mai raba wasiƙu ne, ƙaton tsohon direban bas, Mama kuwa ta yi aikin dafa abinci a makaranta har ta yi ritaya. Babu mai biyansu. Abin da suke yi shi ne neman ramukan da aka gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda mutane suke ɓuya in jiragen yaƙi sun zo jefa bam. Wasu suna ƙarƙashin filin makaranta, wasu bayan coci, wasu ƙarƙashin tsohuwar masaƙa. In sun gano ɗaya sai Mama ta yi ta rubuta wasiƙa har a ba su izini. Su buɗe, su auna, su ɗauki hoto, su kwafe duk rubutun da ke bango, su rufe.

Ni a saninna ba a shiga rami sai don abin da za a fito da shi a sayar. Waɗannan ba sa ɗaukar komai. Na ga mai wasiƙu ya tsinci takalmin yaro ƙafa ɗaya, ya yi masa hoto ta fuska huɗu, Mama ta rubuta inda aka same shi a ɗan littafinta, ya mayar da shi daidai inda yake, hancinsa yana kallon inda yake kallo. Ko shara ba a zubarwa sai Mama ta duba ta rubuta. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne, irin nawa. Daga baya na ga ba haka ba ne. Yawancin ramukan nan bayan mun fito ake ɗura musu kankare, domin babu mai kuɗin kula da su. Sun san haka kafin su shiga. Suna yi ne kamar yadda ake wanke gawa, a tsanake, ba don za ta tashi ba.

Shekarar farko ban shiga ba. Na ce musu ni mai bakin rami ne. A loto akwai wanda aikinsa ke nan, ya riƙe igiya, kada ya matsa ko da uwarsa ce ta kira shi. Ba su tambaye ni dalili ba, wannan ma na gode musu. Ranar da suka fara jin maganata ita ce ranar da muka ɗaga wani murfin ƙarfe a bayan wata makaranta, mai wasiƙu ya zura ƙafa zai sauka nan take. Na cafke kwalarsa na jawo shi baya. Na kunna kyandir a cikin gwangwani na zura da igiya. Bai kai ƙasa ba ya mutu, babu iskar shaƙa a ciki. Mai wasiƙu ya yi shiru, karo na farko tun da na san shi. Direba ya ce a rubuta ranar a littafi.

Abin da ya sa na sauka daga baya ba jarumta ba ce. Haushi ne. Ina leƙawa daga sama ina ganin hasken tocilarsu, kullum a bango yake. Bango suke kallo saboda rubutu. Babu mai ɗaga kai. Mutum uku masu ilimi, suna yawo a ƙarƙashin ƙasa ba mai kallon rufi. Wata rana na kasa haƙuri na ɗaure igiyar a jikin bishiya na bi su. Warin ya mayar da ni inda ba na son komawa. Na haska sama na yi ta haskawa har muka fito. Daga ranar aikin ya rabu, su bango, ni rufi.

A shekara ta huɗu, muna shan shayi a motar direba ana ruwa, Mama ta ce akwai wani rami a Birmingham, wajen Perry Barr. Ta ce a ciki ta kwana tana yarinya, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mahaifiyarta tana aiki a masana'antar harsashi, ramin kuwa a ƙarƙashin farfajiyar masana'antar yake, don ma'aikata da 'ya'yansu. An daɗe da rushe masana'antar. Yanzu wani kamfani ya sayi filin zai yi wurin ajiye motoci, kuma za su cike ramin. Ta yi wata da watanni tana rubuta musu har suka gaji suka ba da amsa. Za su turo injiniyansu bayan mako shida. In ya ce rufin lafiya yake, za su bar ramin su sa masa ƙofa. In ya ce a'a, kankare.

Ba ta roƙe mu ba. Ta dai rufe filas ta ce, “Wannan ba na son a wanke shi a binne.”

Muka riƙa zuwa duk Asabar a motar direba. Ramin dogo ne, ya kai taku sittin, bango jan bulo, rufi kankare mai ɗan lanƙwasa, bai yi sama sosai ba, dogon mutum sai ya sunkuya. Ruwa ya kai idon sawu. Da bokiti muka kwashe shi, hannu da hannu, tsofaffi huɗu, mafi ƙanƙanta a cikinmu ni ne mai furfura. Da bango ya fito na tsaya ina shafa shi. Wanda ya ɗora bulon nan da gaggawa ya ɗora, ana jefa bam a garin, amma layinsa a miƙe yake daga farko har ƙarshe, kuma ya bar wa ruwa hanya a gindin bango inda ba wanda zai gani ya yaba. Ban san sunansa ba. Na san hannunsa. Da zan gan shi da na cire masa hula.

A can ƙarshen ramin Mama ta tsaya ta haska bango. Layuka ne na fensir, gajeru, ɗaya bisa ɗaya, irin wanda uwa take ja a saman kan yaro ta ga ko ya ƙara tsawo. Huɗu a hagu, biyu a dama. Ta ce na hagu nata ne, na dama na ƙanenta.

Ban tambaya ba. Wanda ya fito daga rami ya bar mutum uku ya san yadda ake ƙirga irin wannan. Ita ta faɗa da kanta. Ta ce, “Ba bam ba ne, bab. Sanyin nan ne ya shiga ƙirjinsa.”

Na ga ya kamata in ba ta wani abu. Na ce mata mahaifina ma a shekarun nan yana cikin rami. An ɗebe su daga ƙauye da ƙarfi aka kai su haƙar kuza saboda wannan yaƙin, abin da tsofaffinmu suke kira ɗiban gwamna, kuma can ma sanyin dutse ya kashe mutane. Ta juyo gare ni. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya musu. Ta buɗe littafinta ta sa na maimaita sunan ƙauyenmu sau uku har ta rubuta shi daidai.

Da na ɗaga tocila sama, daidai kan layukan nan, na ga tsaga. Ta kai tsawon hannu da rabi.

Tsaga ba ta kashe mutum. Kusan kowane rufi yana da ita. Wadda take kashewa ita ce mai tafiya, kuma ido ba ya ganin tafiyarta. A loto ga yadda muke yi. Za ka zare tsinke daga tsintsiya ka cusa shi a tsagar har ya kama. In ka dawo ka same shi yana nan, ƙasa barci take. In ya faɗo, bakin ya buɗe, ka kwashi digarka ka fita kada ka waiwaya. Asabar ta biyu na zo da tsinke bakwai daga tsintsiyar matata, irin tamu ta gida da take saya a shagon 'yan Afirka a Moss Side, na jera su a tsagar daga wannan kai zuwa wancan.

Ban gaya wa kowa ba. Nan ne kuskurena. Turancina bai isa in bayyana ba, kuma na ji tsoron dariyar mai wasiƙu. Na ce a raina rufi aikina ne, me ya shafe su. Duk Asabar ni nake fara shiga in je in ƙirga. Bakwai. Mako na gaba, bakwai. Har sau huɗu bayan ranar da na sa su. Hankalina ya kwanta.

Injiniya ranar Laraba zai zo. Mama ta riga mu tafiya tun Litinin ta sauka wajen 'yar ƙanwarta, ta ce za ta ɗan gyara wurin, kamar mai jiran surukai. Mu uku muka iso da hantsi muka same ta a bakin matakala da sabuwar riga. Can sai ga mota. Wata Baturiya ta fito, wakiliyar kamfani, waya a kunne. Bayanta wani baƙin mutum, zai yi shekara arba'in, da kwat da hular kwano da allon rubutu, yana Turanci ta hanci. Na ce wannan a nan aka haife shi. Ya ɗaga mini kai na ɗaga masa.

Suka sauka, Mama a gaba tana nuna musu bango. Ni ne na ƙarshe. Na wuce su na je ƙarshen ramin na haska sama.

Babu ko ɗaya.

Na haska ƙasa, ban gan su ba, amma ban tsaya tunani ba. A loto in ɗaya ya faɗo gudu ake yi. Bakwai kuwa ban taɓa jin wanda ya gani ya ba da labari ba. Turanci ya fita daga kaina gaba ɗaya. Na buɗe baki da duk ƙarfina na ce da Hausa, “Ku fita! Ku fita, zai rufta!”

Turawa huɗu suka juyo suna kallona. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Mutum ɗaya ne ya motsa, mai kwat. Kafin in rufe baki ya yar da allonsa ya kai matakala, yana hawa bibbiyu. Ganin haka wakiliyar kamfani ta bi shi da ihu, direba da mai wasiƙu suka rufa mata baya. Mama ta tsaya tana tambayar me ya faru. Na sunkuce ta na saɓa a kafaɗa kamar buhun acca na yi waje, tana dukan bayana da littafinta tana cewa, “Sauke ni, bab! Sauke ni!”

A waje kowa yana haki. Wakiliyar ta yi fari fat, tana gaya wa waya cewa wurin nan a cike shi cikin makon nan. Mai kwat ya dafa gwiwa ya ɗago ya dube ni ya ce, da Hausa tsantsa, “Baba, daga ina?”

Na ce, “Jos. Kai fa?”

“Kano. Me ka gani?”

“Ba abin da na gani ba ne. Abin da ban gani ba ne.”

Na yi masa bayanin tsinke. Ya saurara bai yi dariya ba, ya juya ya mayar wa sauran da Turanci. Yana cikin magana na ga fuskar Mama tana ja, har kunnuwa. Ta buɗe jakarta a hankali ta fito da wata 'yar takarda a naɗe. Ta warware. Tsinkena ne, bakwai cif, ta ɗaure su da zare, ta maƙala musu 'yar alama da rubutunta. Mai wasiƙu ya karɓa ya karanta da ƙarfi: saiwar ciyawa, guda bakwai, daga rufi, ƙarshen rami.

Da ta so da ta yi shiru. Da an ce baƙin tsohon ne ya ruɗe, ita ba ruwanta. Amma ta miƙe a gaban wakiliyar kamfani, matar da ramin yake hannunta, ta ce, “Jiya ina share saƙar gizo-gizo na gan su. Na ɗauka saiwa ce ta huda rufin. Na ji tsoro in injiniya ya gani zai ce a cike. Sai na cire su don kada ya gani. Ɓoyewa na yi, kuma na san ɓoyewa nake yi. Ku rubuta haka.”

Na ga maza da yawa a rami da wajen rami. Kaɗan ne za su iya wannan. Ni kuwa kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna abin da ya kawo mu nan ke nan.

Injiniya ya zauna a kan wani bulo ya yi ta dariya har ya cire hular kwano. Ya ce, “Baba, ka sa ni gudun da ban yi ba tun ina firamare.”

Na ce, “Kai kaɗai ne mai hankali a cikinsu.”

“Mai hankalin da ya bar tsohuwa a ciki? Don Allah kada labarin nan ya je Kano.”

“Bakano da gudu ai ba labari ba ne. Da kaya ka bari da an yi mamaki.”

“Na bar allona fa.”

“To wannan ya isa a kai Kano.”

Wakiliyar ba ta ga abin dariya ba. Ta ce akwai tsaga, an ɓoye mata abu, mutane sun gudu, me kuma ake jira. Tana da gaskiyarta. Na dubi Mama na ga ta riƙe sandarta da hannu biyu. Na san in aka cike ramin nan bakina ne ya cike shi, da shirun da na yi da ihun da na yi.

Injiniya ya miƙe ya mayar da hularsa. Ya tambaye ni mako nawa tsinken suka yi a tsaye. Na ce huɗu da 'yan kwanaki. Ya ce, “Na yarda da kai, Baba, amma ba zan iya rubuta tsintsiya a takardar kamfani ba.” Ya koma mota ya ɗauko wani abu, 'yan faranti biyu na roba masu zane-zane, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce ana manna ɗaya a wannan gefen tsaga, ɗaya a wancan, in ƙasa ta motsa zanen zai goce. Na ce wannan ai tsinke ne da ya yi boko. Ya ce haka ne. Ya gaya wa wakiliyar ba zai sa hannu a kan cikewa ba, ba zai sa a kan bari ba, sai an ba shi wata uku, sanyi ya zo ya wuce a kan rufin. Suka yi ta ja da Turancin da ban bi ba. Ta kira wani a waya, ta kira wani. A ƙarshe ta ce wata uku, ba ƙari.

Muka koma ciki ni da shi. Shi ya fara sauka, na lura da wannan. Ya manna nasa. Ya ce in mayar da nawa a gefe. Mama ta kwance zaren da kanta ta miƙo mini su ɗaya-ɗaya.

Watannin nan uku ban ji daɗinsu ba. Mama ta kwanta ciwon ƙirji, ba ta iya zuwa. Duk Asabar in mun dawo sai in biya ta Withington inda take zaune in tsaya a ƙofar ɗakinta in ce, “Bakwai.” Ta ce, “Na gode, bab.” Sau ɗaya na yi ƙoƙarin ba ta haƙuri a kan abin da na jawo. Ta ɗaga hannu ta ce, “Tun da mijina ya rasu ba namijin da ya ɗaga ni sama. Kada ka ɓata mini shi da ban haƙuri.” Matata da na gaya mata ta ce ita ma tana nan tana jira, kuma in sayo mata tsintsiya.

Sanyi ya zo, ƙanƙara ta sauka ta narke, aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Ranar da wata uku suka cika injiniya ya zo da gilashin ƙara girma ya duba farantinsa. Zane bai goce ba ko da gashin kai. Ya ƙirga nawa da bakinsa, da Hausa, har bakwai. Ya rubuta cewa rufin lafiya yake, a dai tokare wurin tsagar. Na ce a sa itace, domin itace yana kuka kafin ya karye, ƙarfe kuwa bebe ne. Ya ce, “Baba, dokar ƙasar nan ba ta jin kukan itace.” Aka sa ƙarfe. Wannan gardamar ya ci ni, har yau ban yarda ba.

Kamfani ya cika alkawari. Suka yi wurin motocinsu, suka bar ƙofar ƙarfe a gefe da matakala. Mama ta warke har ta shiga sau da dama. Ita ta tsara abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa, kuma a layin ƙarshe akwai sunan ƙauyenmu da maganar mutanen da aka ɗiba haƙar kuza. Ban san ta sa ba sai da mai wasiƙu ya karanta mini. An rufe layukan fensir da gilashi. Ta rasu bayan shekara biyu, a gadonta.

Direba ya daina tuƙi, mai wasiƙu yana nan da surutunsa, shi ya yi mini wata 'yar alama da jan fenti a ƙarƙashin tsagar cewa kada a taɓa. Injiniya yakan kawo 'ya'yansa, su gaishe ni da Hausar da ta sha ruwan Birmingham. Yanzu duk wanda ya shigo sai na nuna masa tsinken na yi masa bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Matata ta yi ritaya, mun bar Moss Side mun dawo kusa da 'yarmu. Ina Perry Barr, titi biyu daga ƙofar. Makullin yana hannuna. Ranar Asabar na shiga na ƙirga, bakwai ne.